Tsohuwar Jitar Bas ta Lantarki: Tambayoyin da Aka Fi Yi Kafin Saye da Bayansa

Tambayoyin nan daga mutane iri biyu suke zuwa: masu shirin sayen tsohuwar bas, da waɗanda wata ta faɗo hannunsu ta gado ko ta kyauta ba su san abin da suke riƙe da shi ba. Gara in faɗi inda na tsaya tun yanzu. A wurina bas, wato jitar da ke fitar da sauti mai kauri da zurfi, kayan aiki ce. An ƙera ta ne don ta riƙe gindin kiɗa, kuma tsufa kaɗai bai taɓa mai da mummunar bas ta zama mai kyau ba. Duk amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Wace bas ce ake kira tsohuwa a wannan harka?

Babu wata hukuma da ta yanke shekara. Masu tsauri sun ce sai wadda aka ƙera daga 1951 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Da tafiya ta yi tafiya aka shigar da na shekarun 1970, waɗanda a da ake yi wa kallon hadarin kaji, yanzu kuma ga na farkon shekarun 1980 suna shigowa. Iyakar tana matsawa ne duk lokacin da na baya suka gagari aljihun makaɗa. Don haka in ka ji an ce tsohuwa, tambayi shekara da kamfani da masana'antar da ta fito, kada kalmar ta ɗauke maka hankali.

Wa ya fara ƙera ta?

Mutane da yawa za su ce Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin jita na Fender a Amurka, amma an riga shi. A shekarun 1930 wani mai suna Paul Tutmarc a birnin Seattle na Amurka ya fito da bas mai tsirkiya huɗu wadda ake rataya kamar jita, ƙarƙashin sunan Audiovox. Ba ta yi kasuwa ba, kusan ma aka manta da ita.

Wadda ta sauya kiɗan duniya ita ce Precision Bass, da Fender ya fitar a 1951 daga masana'antarsa da ke Fullerton a Kalifoniya. Kafin ita, mai bas sai ya yi dakon wata ƙatuwar aba mai tsayin mutum wadda ake kaɗawa a tsaye, ga wahalar ɗauka, ga shi ganguna da kakaki suna danne muryarta. Leo ya ɗauki tsarin jita, ya ƙara tsawon tsirkiya zuwa inci 34, ya gicciya 'yan ƙarafan nan da ake kira firet a kan wuya domin yatsa ya sauka daidai kan sauti ba tare da lalube ba. Daga wannan daidaito sunan ya fito. Monk Montgomery, da ke kaɗa wa ƙungiyar Lionel Hampton, yana cikin na farko da suka hau dandamali da ita. A 1957 aka ba ta siffar da muka sani yau, da fikof mai gida biyu. Fikof shi ne mayen ƙarfen da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mai da ita lantarki, kuma raba shi biyu da aka yi ya kashe gurnanin wuta da na farko yake kwasowa.

Me ya sa kowa ke ta maganar shekarar 1965?

A watan Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, a kan dala miliyan 13. Tun daga nan masu tara kaya suka raba tarihin Fender gida biyu, kafin CBS da bayanta, kuma na kafin su ne 'yan lele.

Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma ƙari. Ba ranar da aka sa hannu a takarda ma'aikata suka manta da aikinsu ba. Mutanen nan dai su ne, injinan su ne, katakon da ke jibge a sito shi ne, shi ya sa bas ɗin 1965 da ta 1966 da wuya kunne ya raba su da ta 1964. Sauyin a hankali ya zo. Wajen 1968 aka bar siririn fentin naitiro a gangar jiki aka koma foliyesta mai kauri. A shekarun 1970 aka riƙa amfani da katakon ash mai nauyin tsiya, har ka sami bas da ta kai kilo 5 ko ta haura. Tsakiyar shekarun aka mai da wuyan Jazz Bass, wani samfurin bas na Fender, kan sukuru uku maimakon huɗu, kuma a wasu gurbin da wuya ke zama ya yi faɗi har wuyan yana motsi in ka ja shi.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tawa Precision ce ta shekarun 1970, tana da nauyi, kafaɗata ta shaida, sai dai wuyanta a miƙe yake kamar an ja zare, kuma in na taɓa tsirkiya mafi kauri ina jin amonta a ƙirjina tun kafin a jona ta. CBS ta riƙe kamfanin har 1985, kuma a cikin shekaru ashirin ɗin nan an yi na kirki an yi na banza. Kowace sai an gwada ta ita kaɗai.

Precision ko Jazz?

Jazz Bass ta zo a 1960 da fikof biyu da jiki mai ɗan karkata. Wuyanta siriri ne a sama, inci 1.5, ita kuwa Precision ta zamanin inci 1.75 ce. A takarda bambancin ba ya da yawa, a tafin hannu kuwa duniya ne.

Precision murya ɗaya gare ta, mai kauri a tsakiya, kuma wannan murya tana zama cikin taron kayan kiɗa ba tare da an yi mata wani gyara ba. Ita James Jamerson ya riƙe a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin faifai na Motown a Detroit, ta 1962, yana kaɗa ta da yatsa ɗaya tak. Irinta ce kuma a hannun Carol Kaye a Los Angeles. Jazz ta fi yawan launi: ka buɗe fikof na kusa da wuya ka sami zurfi, kamar yadda Aston Barrett ya yi a bayan Bob Marley, ka koma na baya ka sami sauti mai kaifi irin na Jaco Pastorius, wanda ya cire firet ɗin tasa ta 1962 gaba ɗaya ya shafe allon wuyan da ƙaro mai tauri.

In hannunka ƙarami ne, fara da Jazz. In kana son ka jona ka manta da murɗe-murɗe, Precision. Ni dai in aka ce in zauna da ɗaya har abada, Precision zan riƙe.

Ban da Fender fa, babu wasu?

Akwai, kuma kowace da halinta da ciwonta.

Gibson ya shigo a 1953 da bas mai siffar goge irin na Turawa, sannan EB-0 a 1959 da EB-3 a 1961, wadda Jack Bruce ya yi suna da ita a ƙungiyar Cream. Gajeru ne, tsawon tsirkiya inci 30 da rabi, da wani ƙaton fikof a gindin wuya mai fitar da sauti mai duhu kamar rugugin hadari. Wasu na sonsa, wasu na cewa ya cika laka. A 1963 suka fitar da Thunderbird, wadda Ray Dietrich, mai zanen motoci, ya zana. Ciwon Gibson a wuri ɗaya yake: kan jitar, wato can saman wuya inda ake ɗaure tsirkiya, a lanƙwashe yake zuwa baya, katakon wurin kuma siriri ne, faɗuwa ɗaya sai ya karye. Duk tsohuwar Gibson da aka miƙo maka, juya ta ka kai bayan kan kusa da haske, ka nemi layin gam ko wurin da fenti ya fi duhu. Karayar da gwani ya ɗora tana riƙewa shekara da shekaru, abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ɓoye maka.

Höfner 500/1 'yar Jamus ce, ta 1956, cikinta rami ne, ba ta da nauyi ko kaɗan. Paul McCartney na ƙungiyar The Beatles ya sayi tasa ta farko a Hambug a 1961. Abin dubawa a nan shi ne inda wuya ya haɗu da jiki, domin da gam aka kama shi, kuma tsufa kan sa ya saki har tsirkiya ta yi nisa da allo.

Rickenbacker 4001 ta fito a 1961, wuyanta ya ratsa jiki daga kai har gindi, sautinta kamar ana buga ƙararrawa. A kanta nake yawan gargaɗi. Sandunan ƙarfe biyu ne a cikin wuyan masu hana shi rusunawa, kuma na tsohon tsarin ba a ɗaure su kai tsaye. Sai an lanƙwasa wuyan da hannu zuwa inda ake so, sannan a ɗaure noti ya riƙe. Wanda bai sani ba ya kama murɗawa, sai allon wuya ya ɓare daga sama. An lalata da yawa ta haka.

Sai StingRay ta Music Man, 1976, wadda Leo Fender da kansa yake cikin waɗanda suka ƙera ta. Tana da batir mai bolt 9 da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Na kafin 1984, shekarar da Ernie Ball ya sayi kamfanin, su masu tara kaya suka fi nema. Buɗe gidan batir ka duba ko wani ya taɓa zubewa a ciki ya ci wayoyi.

Da gaske tsohuwa ta fi sabuwa daɗin sauti?

A nan ake yin musu har a ɓata. Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani suna kawo hujjar cewa katako ya bushe, mayen ƙarfe ya ɗan yi sanyi, an naɗe fikof ne da jagorancin hannu ba inji kaɗai ba, shi ya sa kowanne da muryarsa. Zancen naɗi gaskiya ne, har ana iya auna shi da mita. Zancen katako kuma, a bas mai jiki toshe, tasirinsa bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Irin tsirkiyar da ka ɗaura, tsayin fikof, wurin da yatsanka ke taɓawa da amfilifayar da ka jona, wato na'urar ƙara sauti, kowanne cikinsu ya fi shekarun katako sauya abin da kunne zai ji.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Tsofaffin da suka iso gare mu a sheƙe da alamun aiki, galibi su ne waɗanda makaɗa suka ƙi rabuwa da su saboda kyansu. Lokaci ya riga ya yi tankaɗe da rairaya. Shi ya sa nakan yi hattara da tsohuwar da ta kai shekara hamsin fes kamar jiya aka fito da ita. Wataƙila an adana ta ne da ƙauna, wataƙila kuma babu wanda ya taɓa jin daɗin kaɗa ta.

Abin da ba na musu a kansa shi ne yadda take a hannu. Bayan wuyan da tafin wani ya goge shekara talatin har fenti ya tafi, gefen allo da ya daina kaifi, wannan santsin ba ya samuwa a sabuwa. Yana sa mutum ya kaɗa daban, kuma in ka kaɗa daban sauti ma zai fito daban.

Ta yaya zan tabbatar da shekarar da aka ƙera ta?

Kada ka tsaya a lambar siriyal. A Fender, daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa 1976 lambar tana kan farantin ƙarfen da ke bayan jiki inda sukurun wuya suke. Masu farawa da harafin L na 1963 zuwa 1965 ne, farantai masu babban F a tsakiya kuma daga ƙarshen 1965. Sai dai faranti ne da 'yan sukuru kawai, kowa na iya kwance shi ya ɗaura a wata, kuma ko a masana'anta ba bi da bi ake ɗaukar su ba. Daga 1976 lambar ta koma jikin kan jitar, can saman wuya.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana ɓoye ne. A sassauta tsirkiya, a kwance sukurun wuya, a zare shi a hankali kada fentin gefen gurbi ya fashe. A gindin wuyan za ka ga kwanan wata, da fensir a na farko-farko, da hatimi daga wajen 1962. In ka ga an buga 7 MAR 64 A, bakwai ɗin ba ranar wata ba ce, lambar samfuri ce ta Jazz Bass, ta Precision kuma 5. Harafin ƙarshe faɗin wuya ne. Ranar da na fara zare wuya na ga rubutun hannun wani ma'aikaci da ban taɓa sani ba, na daɗe ina kallonsa kafin in mayar.

Sai 'yan gwangwanin da ke ƙarƙashin makunnan bolum. A jikinsu akwai lamba. Uku na farko na kamfanin da ya yi su ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole, sauran kuma shekara da mako. Wato 1376632 na nufin mako na 32 a 1966. Ka lura da abu biyu: wannan lamba tana nuna cewa ba a gama haɗa bas ɗin kafin wannan mako ba, iyakarta ke nan, kuma Fender ya sayi jibgin waɗannan a 1966 ya yi ta amfani da su shekaru bayan nan. Duba dalmar da aka liƙa wayoyi da ita. Ta asali takan yi duhu ta dusashe, in ka ga wadda ke sheƙi, hannu ya shiga. Sai lambar faranti da kwanan wuya da lambar bolum da sauran kamanni sun yi magana da baki ɗaya ake cewa an san shekara.

Me zan fara dubawa in an miƙo mini ita?

Wuya. Fikof ana sake naɗe shi, bolum ana canzawa, jakin da tsirkiya ke hawa a gindi ana samun wani, amma wuya in ya tafi bas ta tafi.

Danna tsirkiya mafi kauri a firet na farko da hannu ɗaya, ka danna ta a na ƙarshe da ɗaya hannun, ka dubi tazarar da ke tsakaninta da firet na bakwai ko na takwas. Kaurin ɗan kati ya isa. Sannan ka ɗaga bas ɗin ka leƙa daga kai zuwa jiki kamar mai saita bindiga, ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya lanƙwasa, wato wuyan ya murɗe. Duba kuma ko ya yi tozo a ƙarshe inda ya shiga jiki, abin da ke sa sautukan sama su shaƙe.

Mafi muhimmanci, a gwada sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ke ja da tsirkiya don kada katako ya rusuna. A tsofaffin Fender notinta yana gindin wuya, sai an ɗan ɗaga wuyan ake kai masa, shi ya sa masu saye kan yi kasala su tsallake. Ni ma na taɓa tsallakewa. Mai sayarwa ya ce komai lafiya, na ga tsirkiya ta ɗan yi sama na ɗauka saiti ne kawai. Da na isa gida na sa sukurudireba, noti ya riga ya kai ƙarshen barimarsa, ko gezau, wuya kuma na nan a lanƙwashe. Sai da mai gyara ya ɗaure wuyan a matsi ya gasa shi da ɗumi kwana da kwanaki, ya ƙara ɗan zoben ƙarfe a ƙarƙashin notin, sannan ya dawo hanya. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na ga notin nan ya juya gaba ya juya baya. In kai ne za ka juya shi, rubu'in zagaye ake yi a lokaci guda, a bar katako ya huta, kuma da ka ji ya cije ka tsaya. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Kar ka tsorata in ka ji sautin tsirkiya mafi siranta yana mutuwa da wuri tsakanin firet na biyar da na bakwai. Halin wuyan Fender ne, sabo da tsoho.

An sake mata fenti, an canza firet. In bari?

Ya danganta da abin da kake nema. Ga mai tara kaya, sabon fenti babban aibi ne, dillalai kan ce yana zaftare kusan rabin daraja, musamman in asalin launin cikin na musamman ne irin su Fiesta Red ko Lake Placid Blue, waɗanda Fender ya aro daga fentin motocin Amurka. Ga makaɗi kuwa wannan ƙofa ce ta buɗe: wuya na asali, fikof na asali, a kan abin da hannu zai iya kaiwa.

Canza firet ban ɗauke shi aibi ba ko kaɗan. Ƙarfe ne da ƙarfe ke gogawa, dole ya cinye, kamar tayar mota. Bas da firet ɗinta suka lotsa ba ta kaɗuwa, to amfanin me asalin ya yi? A dai ba wanda ya san tsofaffin Fender, domin a zamanin daga gefe ake zura firet ɗin, kuma wanda ya fizge su sama zai ɓantare allo. Abin da nake gudu shi ne gyaran da ba ya komawa: an fafe jiki an ƙara fikof, an huda sababbin ramuka, an kankare wuya. In kai ne za ka canza wani abu, bolum ko jaki, zuba na asalin a leda ka ajiye a akwati.

Akwai jabu?

Sosai. Tun da Fender da sukuru ake haɗa ta, abu ne mai sauƙi a ɗauko wuyan wannan da jikin waccan. Akwai kuma gwanayen tsufar da fenti, kuma Fender da kansa yana sayar da sababbi masu kamar tsofaffi tun 1995, a fili ba ɓoye ba. Matsalar sai irin wannan aiki ya faɗa hannun maras amana. Gogewar gaskiya tana inda jiki ke taɓawa: inda damtse ke sauka, inda bel ke gugar baya, bayan wuya daga firet na farko zuwa na bakwai. In mai sayarwa ya hana a buɗe ta a gabansa, cinikin biri a sama ne, ka kama gabanka.

Wace irin tsirkiya ta dace da ita?

A shekarun 1950 da farkon 1960 mai sulɓi ake ɗaurawa, wadda naɗinta a shimfiɗe yake. Ita ce ke ba da dunƙulallen sautin tsofaffin faifai. Jamerson na kamfanin La Bella yake sawa, kuma ba ya canza su sai in sun tsinke, ga soso a ƙarƙashin murfin jaki yana rage musu tsawon amo. Mai kaushi ta yaɗu ne bayan Rotosound na Ingila sun yi aiki da John Entwistle na ƙungiyar The Who a 1966. Ta fi haske da cizo, ta fi kuma cin firet.

In ba ka taɓa jin tsohuwar Precision da mai sulɓi da ɗan soso ba, gwada ko sau ɗaya. Sai dai wasu masu sulɓin suna da tsananin ja, wuyan da ya gaji kuma ba ya son haka. Zaɓi marasa kauri, ka sake duba lanƙwasar wuya bayan kwana biyu.

Yaya zan ajiye ta?

Inda kai za ka ji daɗin zama, ita ma za ta ji. Damshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari shi ne daidai. In iska ta bushe ƙwarai allo kan tsuke har bakin firet ya fito yana yankar hannu, in ta jiƙe kuma ƙarfe ya yi tsatsa. Kada a bar ta a but ɗin mota cikin rana. In an shigo da ita daga sanyi zuwa ɗumi, a bar akwatin a rufe ya ɗan jima, domin sauyin gaggawa ne ke tsattsaga fentin naitiro.

Naitiro ba ya shiri da roba. Na taɓa jingina wata EB-0 a kan marataya mai hannun roba na 'yan makonni, da na ɗauke ta sai ga layi biyu a bayan wuya, fentin ya yi laushi ya narke daidai inda robar ta taɓa, kuma har yau suna nan. Naɗe hannun maratayar da tsumman auduga, kada kuma ka bar igiyar rataya ta leda kwance a jikinta cikin akwati.

Garkuwar gaba, wato faifan da ke kare fuskar jiki, ta wasu tsofaffi da seluloyid aka yi ta, wani irin filastik na da. Tana tsukewa da shekaru, kuma in ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe. In ka ga sukuru da bakin fikof na kusa da ita sun yi kore, cire ta ka ajiye daban. In lafiyarta ƙalau kuma ka cire don wani aiki, kada ta kwana a sake, ɗaure ta da sukurunta a kan wani allo, in ba haka ba ba za ta koma ramukanta ba.

In goge ta ta yi sheƙi?

Busasshen tsumma mai laushi bayan kowane kiɗa, shi ke nan. Ban da man goge mota, ban da duk abin da ke da silikon, ban da barasar goge-goge a kan naitiro.

Zan iya fita da ita wajen wasa?

Don haka aka yi ta. Ka tabbata madannan igiyar rataya sun kama da kyau, kuma kada ta bar idonka. McCartney an sace tasa ta Hambug a 1972, sai a 2024 aka sanar da dawowarta hannunsa. Ta Jaco an ɗauke ta a 1986 ta yi shekaru kafin ta sake ɓulla. Ta Jamerson ta ɓace dab da rasuwarsa a 1983. Ɗauki hoton lambar siriyal da gindin wuya da kowane tabo da ke jikinta, ka adana a wuri biyu. Tabon ne zai shaide ta ranar da aka canza faranti.

Akwai matsala in zan ƙetare iyaka da ita?

Tana iya yiwuwa. Fender ya fara sa wa bas ɗinsa allon wuya na katakon rozwud a 1959, kuma na shekarun farko daga Birazil aka kawo katakon. Tun 1992 wannan itace yana sahun farko na yarjejeniyar CITES, mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A 2017 an sa sauran dangin rozwud cikin takunkumi, a 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka gama ƙerawa, amma sassaucin bai shafi na Birazil ba. In bas ɗinka tana da shi, nemi takardar shaida daga hukumar da ke kula da yarjejeniyar a ƙasar da kake kafin ka yi tafiya ko ka aika ta.

Sai na haɗa ta da tsohuwar amfilifaya?

Ba dole ba, ko da yake duk wanda ya ji Precision ta cikin Ampeg B-15, wadda ta fito a 1960, ya san dalilin da ya sa ɗakunan ɗaukar sauti ba su rabu da ita ba. Gargaɗina ɗaya ne kuma ba na wasa ba ne. Yawancin tsofaffin nan filogi mai baki biyu gare su, babu wayar ƙasa, tsirkiyar da ke hannunka kuma a haɗe take da jikin na'urar. In wani abu ya lalace a ciki, wutar ta jikinka za ta bi. Makaɗa sun rasa rayukansu ta wannan hanya. Kafin ka kunna, kai wa mai gyara ya sa waya mai baki uku ya duba kayan ciki.

Ƙarfina bai kai na Amurka ba. Ina zan nufa?

Japan. A shekarun 1970 masana'antun can suka riƙa kwaikwayon Fender da Gibson ƙarƙashin sunaye irin su Greco da Tokai da Ibanez, aikin ya yi ta kyau har a 1977 kamfanin da ya mallaki Gibson ya kai masu shigo da Ibanez Amurka kotu a kan siffar kan jita. Fender kuwa sai ya haɗa kai da su, aka kafa reshensa na Japan a 1982, masana'antar Fujigen tana ƙerawa. Na farkon, masu lamba da ke farawa da JV, har da waɗanda ke ɗauke da sunan Squier, wato samfurin Fender mai rahusa, sun bi ma'aunin na kafin CBS sau da ƙafa.

A cikin na Amurka ma akwai waɗanda aka daɗe ana rainawa, kamar Mustang Bass ta 1966, gajera mai inci 30, da 'yan G&L na farkon shekarun 1980, kamfanin da Leo ya kafa da George Fullerton ya kuma yi aiki a cikinsa har rasuwarsa a 1991. Ko wacce ka samu, binciken bai canza ba: leƙa wuya, juya noti, buɗe garkuwa ka ga dalma. Sannan ka zauna da ita rabin awa ba tare da ka jona ta ba, ka kaɗa kowace tsirkiya daga firet na farko har na ƙarshe.